Inusa Mai Agogo, Ba'elfen Yendi

Duk wanda ya san Inusa Mai Agogo ya san yadda yake sa hula. Kowa yana jan tasa ta zauna daidai a goshi, shi kuwa sai ya ɗora ta can bisa tsakar ka, ya bar kunnuwa a fili. Sannan ya kama na dama ya ja shi sama sau uku, ya kama na hagu ya ja sau uku, kafin ya buɗe shago. Shekara goma sha biyar yana wannan aikin kowace safiya, wai so yake su yi tsini. Ni na yi masa wanka ranar da ya rasu, saboda haka ni ne shaida: kunnuwan nan ko ƙwayar gero ba su ƙaru ba.

Kada wanda ya harare ni. Taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, tun muna yawo ba wando nake tsokanarsa yana ramawa, kuma har yau ban ji malamin da ya ce mutuwa tana soke wasan taubasai ba. Ga matarsa Adisa nan zaune, in na ƙara gishiri ta tsayar da ni. Kuma ni na fi kowa dalilin yin magana, don shekara tara cur mutumin nan ya sa ni ina hawa lori daga Bawku zuwa Yendi ina roƙonsa abu ɗaya tak: ya jefa ɗan ƙaho sau ɗaya, mu san ko Ba'elfensa zai rayu ko zai mutu. Ya ƙi.

Na ga matasa suna kallon juna. To, bari in ɗauko daga farko.

A farkon shekarun tamanin, lokacin da takarda ta fi nama wuyar samu, akwai wata mai ƙosai a bakin tasha da take naɗe wa mutane ƙosai da shafukan wani littafin Turanci. Ba wanda ya san inda ta samo shi. Rannan Inusa ya gama cin ƙosansa zai goge hannu, sai ya ga zanen wani dogon mutum siriri, da baka a kafaɗa, kunnuwansa tsaye masu tsini kamar ganyen masara. Ya kwashi takardar ya kai wa abokinmu Ticha Fuseini, malamin firamare, wanda shi kaɗai ne a cikinmu Turanci ba ya sa shi gumi.

Ticha ya karanta, ya juya, ya sake karantawa, ya ce ai wasa ne. Ba irin ludo ko dara ba. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a cikin labarin, ya riƙa faɗin abin da zai yi. In abin yana da haɗari sai a jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita ce alƙali. Kana iya zama mutum, kana iya zama wada, kana iya zama irin wannan mai kunnen. Ticha ya faɗi sunansu da Turanci, bakin Inusa ya murɗe shi nan take ya koma Ba'elfe, jama'arsu kuwa Elfawa.

Inusa ya ɗora yatsa a kan zanen ya ce, "Ni ne wannan."

Ku tuna fa da wanda ke magana. Gajere, tumbi a gaba, tabarau kamar gindin kwalba, kunnen hagu kuwa sai ka yi ihu kamar kana kiran fasinja.

Mako uku ya yi yana cin ƙosai safe da yamma don ya tara shafuka. Na ce masa, "Kai, me zai hana ka roƙi matar nan littafin gaba ɗaya?"

Ya ce, "Ka ji ɗan Adam! In ta gane yana da daraja ai ɓoye shi za ta yi."

Da Adisa ta gaji da jinyar ciki, ta je da kanta ta tambayi matar. Matar ta ce ayya, da an yi magana tun makon jiya, ai sauran ta hura wuta da shi. Shafi goma sha ɗaya muka tsira da su, saboda wayon Inusa.

Shafin Elfawa yana cikinsu, kuma shi ne masifarmu. Rabinsa na sama ana karanta shi sarai: dogaye ne, sirara, suna ɗaruruwan shekaru a duniya, suna jin motsi daga nesa, suna gani cikin duhu, ba su cika barci ba, ba wanda ya kai su harbin baka. Rabin ƙasa kuwa mai ya jiƙa shi sharkaf, rubutun gaba da na baya suka haɗe suka zama kunu. A wannan rabin Inusa ya kafa mulkinsa.

Mu huɗu muke yi, ƙarƙashin mangwaron ƙofar shagonsa, daga la'asar zuwa magariba. Ni aka ba ni ba da labari, wai don na fi kowa surutu. Ticha ya zama boka. Salifu Mahauci, ƙaton da ke sunkuyawa kafin ya shiga ɗaki, shi ya zama wada mai gatari. Inusa ya zama Ba'elfe, ya raɗa masa suna Dogo. Shafin ya ce ɗan ludon wasan fuska ashirin gare shi, abin da ba a taɓa gani a kasuwar Yendi ba. Inusa ya karɓi ƙahon bijimi wajen Salifu, ya zauna da kayan gyaran agogo ya sassaƙa shi, ya zana lambobi ɗaya zuwa ashirin. Gaskiya dai ya yi kyau. Shi ne kaɗai aikin da na taɓa gani ya gama a kan lokaci.

Sai in ce, "Kun iso bakin kogi, ruwa ya cika, ba kwalekwale."

Inusa ya ce, "Dogo zai taka saman ruwa ya wuce."

"A ina aka rubuta haka?"

"Yana cikin man."

Ticha ya ɗaga shafin ya haska da rana, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Ni ban ga komai ba."

"To ka ga inda aka ce ba ya iyawa?"

Haka muka sha. Wuta ba ta ƙona Ba'elfe, yana cikin man. Maciji yana gaishe shi, yana cikin man. Rannan Ticha ya gano wani layi a rabin sama, inda ba ɗigon mai, da ya ce Elfawa 'ya'yan itace suka fi ci, nama bai dame su ba. Lokacin kuwa Inusa yana riƙe da tsinken tsire na huɗu daga tiren Salifu. Muka zuba masa ido. Ya tauna, ya haɗiye, ya lashe yatsa.

"Ban da tsire," in ji shi. "Bayanin yana ƙasa."

Da abin ya tsaya a gindin mangwaro da sauƙi. Ina! Ya bi shi har cikin shago. Wani direban lorin Tamale ya kawo agogonsa gyara, ya yi ta sintiri har ya yi aure, ya haifu, ya yaye. Rannan ya zo a fusace ya buga tebur.

"Malam Inusa, shekara uku ke nan!"

Inusa ya ɗago kai a hankali ya dube shi ta saman tabarau. "Ku 'yan Adam, gaggawa ce za ta kashe ku. A wajenmu shekara uku ai tsakanin azahar da la'asar ce. Ka dawo jibi."

Direban ya juyo ya tambaye ni ko mutumin nan lafiyarsa ƙalau. Na ce masa ni ma binciken da nake yi ke nan tun muna yara.

Ba a daɗe ba magana ta kai kunnen limamin unguwa, wai magidanta huɗu suna caca a gindin mangwaro, suna kuma kiran aljanu. Ya zo da kansa, carbi a hannu, fuska ba annuri. Muka miƙe muka ba shi buzu.

Ya ce, "Me ake ci a cacar nan?"

Salifu ya ce, "Ba a cin komai, Liman."

"To me kuke samu?"

Na ce, "Ciwon kai, Allah gafarta Malam."

Ya juya wajen Inusa. "An ce mini kana faɗi da bakinka kai ba ɗan Adam ba ne."

"Daga la'asar zuwa magariba ne kawai, Allah gafarta Malam. Da an kira salla nake dawowa."

"Su waɗannan mutanen naka, suna salla?"

Inusa ya gyara zama, ya ga ƙofa ta buɗe. "Ai su ba su cika barci ba, saboda haka asuba ba ta taɓa wuce su."

Liman ya ce, "To sun fi ka."

Ya ce zai zauna ya gani da idonsa kafin ya yanke hukunci. Ranar kuwa a cikin labarin na jefa su Dogo cikin wani kogo, kuraye sun tare ƙofa. Liman ya zauna yana jan carbi, yana tsaki, yana girgiza kai. Can na lura carbin ya tsaya. Da ladan ya kira salla muka tashi gaba ɗaya. Ana sallamewa, kafin a shafa addu'a, Liman ya waiwayo ya yi mini raɗa, "Mumuni, sun fita daga kogon kuwa?"

Yanzu bari in faɗi laifina, tun da na faɗi nasa. Shekara shida muna wasan nan, wadan Salifu ya karye sau biyu, bokan Ticha ya rasa ido ɗaya, Dogo kuwa ko ƙaya ba ta taɓa soke shi ba. Abin ya ishe ni. Wallahi haushi nake kwana da shi. Sai na zauna na shirya masa tarko da gangan. Na kai su wata gadar igiya a kan wani rami mai zurfin da ba a ganin ƙasansa. Wada ya haye, boka ya haye. Dogo yana tsakiya na sa wani dodo ya datse igiyar. Ga Dogo nan yana lilo, hannu ɗaya riƙe da guntun igiya.

Dokar wannan kuwa ba a shafin Elfawa take ba. Tana wani shafin daban, busasshe ƙayau. Mai faɗuwa zai jefa ɗan ƙaho da hannunsa. In goma ta fito ko abin da ya fi, ya hau. In ƙasa da goma ne, ya tafi ke nan, ba a sake wasa da shi har abada. Ba mai jefa wa wani, kuma ba mai motsawa sai wanda ke kan layi ya jefa.

Inusa ya karɓi shafin ya duba gaba, ya duba baya, ya shinshina. Babu mai. Sai muka ga hannunsa na hagu yana matsowa a hankali, riƙe da ƙosai. Ticha ya yi wuf ya fizge takardar ya cusa cikin riga.

Na ce, "Jefa."

Ya ɗauki ɗan ƙaho ya juya shi a tafin hannu, ya dube ni, ya sa shi a aljihu. "An kusa kiran salla."

"Saura awa guda!"

"Agogon wa za a bi, naka ko na mai agogo?"

Kashegari ya ce yatsansa na ciwo. Jibi ya ce Talata ba ranar jifa ba ce. Kafin mu ankara rayuwa ta shigo tsakani. A cikin shekarar aka mayar da Ticha wata makaranta a Salaga, Salifu ya koma Walewale ya kafa tukubar tsire a bakin titi, ni kuma na bi cinikin albasa da awaki zuwa Bawku. Ranar da zan tafi muka yi alkawari: kowace shekara, kashegarin Babbar Sallah, za mu haɗu a gindin mangwaron nan har sai an jefa.

Tirƙashi! Shekarar farko ya ce hannunsa duk kitsen layya ne, ɗan ƙaho zai suɓuce. Ta biyu ya ce bai yi istihara ba. Wata shekarar ya ce ya yi istiharar, amma ya manta mafarkin. A ta huɗu Salifu ya kasa daurewa.

"Haba Inusa! Wadana yana tsaye a bakin rami da gatari a kafaɗa shekara huɗu, ko zama bai yi ba!"

Ni ma na ce, "Shi kuma naka, shekara huɗu yana rataye da hannu ɗaya?"

Ya ce, "Ga Ba'elfe shekara huɗu hamma ɗaya ce. Ku ci tuwo kada ya huce."

Sai mu ci tuwon Adisa, mu yi musu har magariba, mu yi hirar 'ya'ya da farashin taya da wanda ya mutu da wanda ya yi aure, da safe kowa ya nufi tasha yana rantsuwa baɗi sai an jefa.

Sau ɗaya Inusa ya zo mini Bawku, neman kayan agogo irin waɗanda ake shigowa da su ta kan iyaka. Na kai shi kasuwar dabbobi ya huta a rumfar wani tsohon dillalin shanu, ɗan ƙabilar Moshi. Minti biyar ba a yi ba ya fara wa tsohon nan karatun Elfawa: mutanen kurmi, masu ji daga nesa, masu tsawon rai. Tsoho yana gyaɗa kai yana tauna goro.

Ya ce, "Ai mun san su. Kinkirsi muke ce musu. Suna nan cikin daji bayan Binduri. 'Yan gajeru ne masu manyan kai, su ke satar gero a gona."

Inusa ya miƙe tsaye, ko da yake miƙewar ba ta canza komai ba. "Subhanallahi! Gajeru? Ɓarayin gero? Baba, mu dogaye ne!"

Tsoho ya dube shi daga hula zuwa takalmi. Kallon bai ɗauki lokaci ba.

Ya ce, "Ku? To, kai dai da namu ka fi kama."

Musun nan ya kai su har lorin Inusa ya cika ya tashi ya bar shi. Kwana biyu ya ƙara a gidana yana huci. Na ce tun da Allah ya kawo shi, ga tabarma, ya jefa mu aika wa sauran da sakamako ta hannun direba. Ya dube ni kamar na zagi kakarsa, wadda kuma kakata ce.

"Gadar a Yendi take," in ji shi. "Ka taɓa ganin an faɗa ramin Yendi daga Bawku?"

Ticha ya ɗauki wannan magana da zafi. Ya bi shafuka goma sha ɗayan nan layi-layi, ya rubuto mini wasiƙa cewa babu inda aka ce sai a Yendi. Da matarsa ta haihu, ya gayyace mu suna a Salaga, muka ƙulla cewa ana raɗa suna za mu tsare Inusa a zaure, ba fita sai ya jefa. Salifu ya ɗauki alhakin tsaron ƙofa.

Inusa ya sauko daga mota jajawur da ƙurar hanya, da wata sabuwar laya a wuya. Aka yi suna, aka raba goro, muka ja shi zaure, Salifu ya cika ƙofa.

Na ce, "Ina ɗan ƙaho?"

Ya shafa layar. "Ga shi nan. Na kai wa baduku ya ɗinke shi."

"Ya ɗinke?"

"Kun san hanyar Salaga da ramuka. In ya faɗo daga aljihu ya jefa kansa fa? Wa zai ɗauki wannan alhakin?"

Salifu ya zaro wuƙar fawa. Jama'a, ban taɓa sanin tumbin nan yana gudu ba sai ranar. Ya bi ta ƙarƙashin hammatar Salifu ya faɗa cikin gida tsakiyar mata, ya ce a ba shi jaririya ya sa mata albarka. Aka miƙa masa. Daga hantsi har la'asar yana rungume da 'yar mutane, yana mata waƙa, yana leƙo mu ta saman tabarau. Wa zai tunkari mai riƙe da jaririya da wuƙa? Mata kuwa sai yabonsa suke, wai ba su taɓa ganin namiji mai son yara haka ba.

A shekara ta takwas haƙurina ya ƙare. Lorinmu ya lalace a hanya, na yini a rana, na iso Yendi ƙafa a kumbure, mutumin nan ya dube ni ya ce bana Dogo yana azumin nafila. Na tashi na kakkaɓe riga. Na ce masa ni ba yaro ba ne, ina da iyali da sana'a, kuma baɗi ko da ƙafar zinariya za a ɗauko ni ba zan zo ba. Na faɗa da ƙarfi, a gefen kunnensa mai ji. Ko tuwon ban ci ba na tafi.

Kuma da gaske nake. Sallah ta matso ban nemi mota ba. Saura kwana uku sai ga saƙon Adisa ta bakin wani direba: in zo, kuma kada in makara.

Na tarar da Ticha da Salifu sun riga ni. Shago a rufe. An shimfiɗa wa Inusa tabarma a ciki, kusa da teburin aikinsa, don ya ce nan yake so. Tumbin nan da muka shekara muna wa dariya babu shi. Ƙafafu sun kumbura, idanu sun yi fari, sai da na yi magana ya gane ni.

Ya ce, "Ɗan Adam, ka zo? Na ji an ce ka yi rantsuwa."

Na ce, "Albasa na kawo Tamale, na ce bari in biyo." Ƙarya nake, kuma ya sani.

Ya ce Salifu ya kawo wuƙarsa ya farke layar. Salifu ya farke, ɗan ƙaho ya faɗo a tafin Inusa. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa.

Ya ce, "Mumuni, kai ne mai ba da labari, amma kanka kamar dutsen niƙa. Kana tsammani faɗuwar Dogo nake tsoro? In ya faɗi, wasa ya ƙare. In ya hau, yamma ɗaya za ku kashe dodon nan, wasa ya ƙare. Ta kowace hanya kun gama da Yendi. Kai iyayenka sun rasu, Ticha ya yi gida a Salaga, Salifu tukubarsa ba ta son a bar ta. Wa zai yini a bayan lori don ya zo ya ga wani gajeren mai gyaran agogo?"

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, don gaskiya ya faɗa. Shekara tara ina ce wa matata zan je in sa Inusa ya jefa ɗan ƙaho. Ban taɓa cewa zan je in ga Inusa ba, ko sau ɗaya.

Na ce, "To bar shi. Kada ka jefa. Za mu riƙa zuwa haka nan."

Ya ce, "Ka ji shi! Yau kuma da na shirya? Adisa, miƙo mini ƙoƙon can."

Ta miƙa masa ƙoƙon da yake shan koko. Muka tallafe shi ya zauna daidai tebur. Ya jefa ɗan ƙaho ciki, ya rufe da tafin hannu, ya girgiza, muna jin ƙarar, sannan ya kife ƙoƙon a kan tebur da sauran ƙarfin da ya rage masa. Muka ji ɗan ƙaho ya gangara a ciki ya tsaya.

"Na jefa," in ji shi. "Ticha, ka shaida. Salifu, ka shaida."

Na kai hannu zan ɗaga, ya dafe ƙoƙon.

"A'a. Doka ta ce in jefa, na jefa. Buɗewa taku ce, amma ba yau ba. Baɗi, kashegarin Sallah, in kun cika ku uku."

Na ce, "Kai dai mugu ne, Inusa." Ina faɗa hawaye na zuba, shi kuwa yana dariya har da tari.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara. Adisa ta rufe shagon, ba ta bari kowa ya taɓa teburin ba. Ita ke shiga ta share, ta goge gefen ƙoƙon da tsumma, ta fito.

Da shekara ta zagayo muka cika mu uku, kamar yadda ya ce. Adisa ta buɗe mana ƙofa. Muka tsaya a kan teburin nan cirko-cirko. Ticha ya ce to, bismillah. Salifu ya miƙa hannu. Wallahi ban san lokacin da na kai masa duka a bayan hannu ba, har sai da ya yi ƙara. Ni, da na shekara tara ina ihu a jefa, a jefa.

Salifu ya ce, "Mumuni, lafiya?"

Na ce, "Ban shirya ba. Baɗi."

Ticha ya cire tabarau yana gogewa, ya ce shi ma dama yau kansa na ciwo.

Bana shekara ta uku ke nan. Ɗazu muka shiga mu uku, muka gaishe da ƙoƙo, muka fito. Kuma ku matasan nan da nake gani kuna leƙen taga, duk wanda ya kuskura ya ɗaga shi, ni da shi ne.

Allah ya jiƙan Inusa, ya yafe masa, ya yafe mini maganar da na faɗa masa cikin fushi. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba Adisa haƙuri. Tsawon ran da ya yi ta kwaɗayi a gindin mangwaro, Allah ya ba shi na gaskiya, a gidan da ba a sallama da abokai a tasha. Amin.